YADDA MUJALLUN ILMI SU KE SAURARON ƘARA

Jama'a, yau muna so mu yi muku bayanin wani al'amari wanda ba a faye jin labarinsa a kasuwa ko a zaure ba, amma kuwa ya shafi lafiyar kowa da kowa. Al'amarin nan shi ne abin da editocin mujallun ilmi su ke yi in wani ya kawo musu ƙara, ya ce abin da suka buga ba gaskiya ba ne, ko kuwa an samo shi ta hanyar da ba ta dace ba.

Ita mujallar ilmi ba irin jaridar nan da ku ke riƙe da ita ba ce. Takarda ce ta masana, inda likita ko malamin jami'a ya ke bayyana binciken da ya yi, da yadda ya yi shi, da abin da ya gano. Kafin a buga maƙala, edita ya kan aika da ita ga waɗansu masana biyu ko uku na wannan fanni, su tace ta, su faɗi ko ta cancanta. To, amma su masu tacewan nan ba su kan je ɗakin gwaji su ga aikin da idonsu ba. Abin da marubuci ya ce ya gani, shi su ke aunawa. Watau dai ginin gaba ɗaya a kan amana ya ke tsaye. Da zarar maƙala ta fita, likitoci a ƙasashe dabam-dabam su kan karanta su sake irin maganin da su ke ba marasa lafiya, hukumomi kuma su kan kafa doka a kanta. Saboda haka in ƙarya ta shiga mujalla, ƙarshenta sai ta isa har gadon asibiti.

MAFARIN AL'AMARIN

A shekarar 1665 aka fara buga irin waɗannan mujallu, ɗaya a Faris ta Faransa, ɗaya a Landan. Ta Landan ɗin, mai suna Philosophical Transactions, Henry Oldenburg ne ya kafa ta, shi kuwa sakatare ne na babbar ƙungiyar masanan Ingila wadda a ke kira Royal Society. Bayan shekara 40 da 'yan kai, sai ga wata ƙara wadda har yau a ke ba da misali da ita.

Wani malami, John Keill, ya rubuta cikin mujallar cewa Leibniz, masanin nan Bajamushe, ya ɗauki fasahar lissafin da a ke kira kalkulas daga wurin Isaac Newton, ya sake mata suna kawai. Leibniz ya ji zafin wannan magana, a 1711 ya kai kuka ga ƙungiyar, ya nemi a wanke shi. Aka naɗa kwamiti a 1712. Amma fa shugaban ƙungiyar a lokacin Newton ne da kansa. Kwamitin bai kira Leibniz ya ji ta bakinsa ba, rahoton da ya fito kuwa, wanda ya ba Newton gaskiya, daga baya aka gane Newton ɗin ne ya rubuta shi da hannunsa. Bai tsaya nan ba, a 1715 ya sake rubuta sharhi a kan rahoton, aka buga cikin mujallar ba tare da sunansa ba. Leibniz ya rasu a 1716 ba a wanke shi ba. Masana tarihi na yanzu sun yarda ko wannensu ya gano lissafin nan da kansa, ba wanda ya saci na wani.

Daga wannan labari a ke ɗaukar ƙa'idodi biyu waɗanda ko wane alƙali ya sani: wanda a ke jayayya da shi ba ya zama mai yanke hukunci, kuma ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa.

KWAMITIN EDITOCI

Shekaru da yawa ko wane edita shi kaɗai ya ke fama da irin wannan matsala, ba wanda zai tambaya. A 1997 waɗansu editocin mujallun likitanci a Ingila, cikinsu har da Michael Farthing da Richard Smith da Richard Horton, suka fara haɗuwa suna gaya wa juna matsalolin da suka ci musu tuwo a ƙwarya, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wannan zama shi ya zama Kwamitin Ɗa'ar Wallafa, wanda a ke taƙaita sunansa da COPE. Daga 'yan mutane kaɗan, mambobinsa suka yaɗu ko'ina cikin duniya har suka haura 10,000. A 2006 ya fitar da taswirorin matakai, waɗanda ke nuna wa edita abin da zai fara yi da abin da zai biyo baya, a 2009 kuma ya fitar da ƙa'idodin janye maƙala, ya sake gyara su a 2019.

Ya kamata a fahimta, kwamitin nan ba kotu ba ne. Ba ya ɗaure kowa, ba ya cin tarar kowa, ba ya binciken ɗakin gwaji. Aikinsa nasiha ce, da duba ko mujallar da ke cikinsa ta bi hanyar da ta kamata.

IRIN ƘARAR DA A KE KAWOWA

Ƙararrakin da ke zuwa teburin edita iri-iri ne. Akwai satar rubutu, watau mutum ya kwafe aikin wani ya sa sunansa. Akwai ƙagen alkaluma, inda mutum zai zauna a ofis ya ƙirƙiri marasa lafiya waɗanda ba su taɓa zuwa duniya ba. Akwai murɗe sakamako, da sarrafa hoton gwaji, da buga aiki ɗaya a mujalla biyu don ya zama an ƙirga shi sau biyu. Akwai rigimar suna, inda a ke cire ɗalibin da ya yi wahalar aikin, a sa shugaban sashe wanda ko karanta maƙalar bai yi ba. Akwai ɓoye alaƙar kuɗi, kamar mutum ya yabi magani alhali kamfanin maganin ne ke biyansa. Mafi nauyi duka shi ne gwaji a kan mutane ba da yardarsu ba, ko ba da izinin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike ba.

Kada a zaci abin kaɗan ne. A 2012 waɗansu masana 3, Fang da Steen da Casadevall, suka bi maƙalu 2,047 da aka janye a fannin likitanci da ilmin halittu, suka tarar kashi 67 cikin 100 saboda rashin gaskiya aka janye su, kuskure na tsakani da Allah kuwa kashi 21 ne kawai. A 2016 wata masaniya, Elisabeth Bik, ta ba da rahoton maƙalu 20,621 da ta duba hotunansu ɗaya bayan ɗaya, ta sami kusan kashi 4 cikin 100 da hoton da aka maimaita inda bai kamata ba.

MATAKAN DA EDITA YA KE BI

In ƙara ta iso, abu na farko edita ya amsa wa mai ƙara cewa ya samu, ya gaya masa abin da zai yi. Sa'an nan ya dubi hujja. Ƙa'idar kwamitin ita ce a auna maganar, ba mai maganar ba. Ko da takardar ba sa hannu ta zo, ko kuwa an san akwai gaba tsakanin mai ƙara da wanda a ke ƙara, in dai ya nuna shafi kaza da hoto kaza, wajibi ne a duba. Dalili kuwa shi ne, wanda ya fi kowa sanin ɓarnar da a ke yi a ɗakin gwaji sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne ko ɗalibi, wanda abincinsa da digirinsa ke hannun maigidan da zai tona. Don haka ba a bayyana sunansa sai da yardarsa.

Mataki na biyu, edita ya rubuta wa marubucin cikin ladabi, ba da zargi ba. Ya ce ga abin da aka lura da shi, muna neman bayani, muna kuma neman ainihin takardun da aka rubuta sakamakon gwajin a ciki. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa, domin ta kan yiwu hoto ne aka sauya bisa kuskure, mai gaskiya kuwa ba ya jin nauyin fito da littafin aikinsa.

In bayanin bai gamsar ba, ko marubucin ya yi shiru, sai mataki na uku: edita ya kai maganar ga jami'a ko asibitin da mutumin ke aiki, ya nemi su bincika. Shi edita ba shi da ikon buɗe ofishin wani, ko kiran shaidu, ko ƙwace kwamfuta. Wannan ikon na wanda ya ɗauki mutum aiki ne. A nan kuwa a kan sami cikas, gama jami'a ba ta son sunanta ya ɓaci, wani lokaci ma wanda a ke tuhuma shi ne mai kawo mata kuɗin bincike. In ita ma ta yi shiru, edita na iya zarcewa ga hukumar da ke ba likitoci lasin, ko wadda ta ba da kuɗin aikin. Daga ƙarshe ya koma ya sanar da mai ƙara yadda aka ƙare.

HUKUNCI IRI UKU

Abin da edita ke iya yi da hannunsa uku ne. In kuskuren ƙarami ne, bai rushe abin da aka gano ba, sai a buga gyara. In shakka ta yi ƙarfi amma bincike bai ƙare ba, sai a buga sanarwar shakka, don masu karatu su yi hattara kafin a gama. In kuwa ta tabbata ba za a iya dogara da aikin ba, sai a janye maƙalar.

Janyewa ba shafewa ba ce. A kan bar maƙalar inda ta ke, a buga mata tambari a ko wane shafi cewa an janye ta, a haɗa ta da sanarwa wadda kowa zai iya karantawa kyauta, mai faɗin wanda ya janye da dalilin janyewar. Manufar ita ce gyara taskar ilmi, horon mai laifi kuwa aikin hukumarsa ne. Kuma ba ko wace janyewa ce abin kunya ba. Frances Arnold, wadda ta sami lambar Nobel ta ilmin sinadarai a 2018, ita da kanta ta sanar a watan Janairu 2020 cewa ta janye wata maƙalarta daga mujallar Science, domin an sake gwajin bai ba da sakamako iri ɗaya ba. Masana suka yaba mata, darajarta ba ta ragu ba.

ABIN DA JINKIRI YA KE JAWOWA

Ran 28 ga Fabrairu 1998 mujallar The Lancet ta Landan ta buga maƙalar wani likita, Andrew Wakefield, da abokan aikinsa 12. A kan yara 12 kacal aka yi aikin, amma aka jingina shi da zaton cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus tana da alaƙa da larurar nan ta ƙwaƙwalwa da a ke kira otizim, mai hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da a ke yi wa allurar a Ingila ya faɗo daga wajen kashi 92 cikin 100 zuwa wajen kashi 80.

A 2004 wani ɗan jarida, Brian Deer, ya kawo wa mujallar hujja cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar ƙara, bai kuwa faɗa wa edita ba, kuma akwai tambaya a kan yadda aka samo yaran da irin gwajin da aka yi musu. Cikin 'yan kwanaki mujallar ta amince an ɓoye alaƙar kuɗi, amma sauran zarge-zargen ta karɓi bayanin marubutan da na asibitinsu, ta bar maƙalar a tsaye, ko da ya ke 10 daga cikin marubutan 13 sun janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Sai da hukumar likitocin Birtaniya ta yi dogon zama, ta same shi da rashin gaskiya a Janairu 2010, sa'an nan aka janye maƙalar ran 2 ga Fabrairu, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci a watan Mayu. Shekara 12 ke nan. A tsakanin nan wani yaro ya mutu da ƙyanda a Ingila a 2006, irin mutuwar da aka yi shekara 14 ba a gani ba, a 2008 kuma hukuma ta ce cutar ta koma ta zauna a ƙasar. Wani bincike da aka yi a Denmak a kan yara 657,461, aka buga a 2019, bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da larurar ba.

Labari na biyu daga Japan ya ke. Yoshitaka Fujii likita ne mai sa barci lokacin fiɗa, ya yi ta buga maƙalu a kan maganin hana amai bayan fiɗa. A shekarar 2000 waɗansu likitoci 3 daga Jamus suka rubuta wa mujallar Anesthesia & Analgesia, suka ce alkaluman mutumin nan sun yi kyau fiye da kima, gama ciwon kan da maganin ke jawowa ya kan zo daidai wa daida a ko wane rukunin marasa lafiya, abin da ba ya faruwa a duniya. Aka buga wasiƙar, aka buga amsarsa, aka wuce wurin. Ya ci gaba da rubutu. Sai a 2012 wani likita Bature, John Carlisle, ya auna gwaje-gwajensa 168 da ma'aunin lissafi, ya nuna ba yadda za a yi su zama na gaske. Editoci 23 suka haɗa kai suka rubuta wa jami'o'in da ya yi aiki. Ƙungiyar likitocin fanninsa a Japan ta duba maƙalu 212, ta sami ƙage a 172. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma da an bi ƙarar farko da an rage ɓarnar shekara 12.

KWANA 13

Akwai kuma lokacin da aka yi hanzari. Ran 22 ga Mayu 2020, ana tsakiyar annobar korona, The Lancet ta buga wata maƙala mai cewa an duba marasa lafiya 96,032 a asibitoci 671, an ga maganin haidroksikulorokwin yana ƙara mace-mace. Nan da nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin. Amma masu karatu suka lura yawan mamatan da aka ce an samu a Ostireliya ya fi wanda gwamnatin ƙasar ta ƙirga. Masana fiye da 100 suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga edita, cikin tambayoyinsu har da ta Afirka: ina asibitocin da suka tara wa kamfanin Surgisphere bayanan dubban marasa lafiya a kwamfuta tun annoba ba ta yi nisa a nahiyar ba? Mujallar ta buga sanarwar shakka, kamfanin ya ƙi buɗe bayanansa ga masu bincike, sai 3 daga cikin marubutan 4 suka nemi a janye. Aka janye ran 4 ga Yuni, kwana 13 da bugawa.

IN EDITA NE AKA YI ƘARA

To, in shi editan ne ya yi ba daidai ba fa? Marubuci na iya ganin an ƙi aikinsa ba bisa hujja ba, ko an riƙe shi wata da watanni, ko mai tacewa ya saci ra'ayinsa. Mujalla ta ƙwarai ta kan buga hanyar ɗaukaka ƙara a fili. In jayayyar a kan hukuncin ilmi ce, a kan nemi sabon mai tacewa, ko wani edita dabam ya sake dubawa. In kuwa a kan halin editan ne, ba shi zai saurara ba, sai mai buga mujallar ko ƙungiyar da ta mallake ta. The Lancet ta naɗa wani dattijo mai zaman kansa a 1996, Farfesa Thomas Sherwood, don ya riƙa sauraron koke a kan ma'aikatanta. In duk wannan bai wadatar ba, mai ƙara na iya kai magana ga COPE, shi kuma ya tambayi mujallar matakan da ta bi.

MASU SAYAR DA MAƘALA

A shekarun baya-bayan nan wata sabuwar fitina ta ɓullo, watau kamfanonin ɓoye masu ƙera maƙalun ƙarya suna sayar da gurbin suna ga mai neman ƙarin girma. Ƙididdigar da mujallar Nature ta yi ta nuna an janye maƙalu fiye da 10,000 a 2023 kaɗai, fiye da 8,000 daga cikinsu na kamfanin Hindawi ne, wanda aka kafa a Alƙahira, kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a 2021. Wiley ya daina amfani da sunan Hindawi, a 2024 kuma ya rufe mujallu 19. Tsarin da aka gina don sauraron ƙara ɗaya-ɗaya sai ga shi yana fuskantar dubbai a lokaci guda.

RABONMU A CIKI

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri duk suna buga mujallu, ƙarin girman malami kuma ya dogara ƙwarai a kan yawan maƙalunsa, inda kuwa aka ɗora abincin mutum a kan ƙirga, jarraba ba ta rasa ƙofa. Mutanen Kano ma ba sa bukatar a gaya musu muhimmancin takardar izinin gwaji. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu, daga baya ta bayyana takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Saboda haka muna jan hankalin editocin mujallunmu su buga hanyar kai ƙara a fili cikin ko wace fitowa, da adireshi, da tsawon lokacin da za a jira amsa. Su riƙa neman lambar izinin kwamitin ɗa'a, in sun yi shakka su tambayi kwamitin da kansa. Shugabannin jami'o'i kuma, in takardar edita ta iso, su naɗa masu bincike waɗanda ba abokai ko yaran wanda a ke tuhuma ba, su kuma kare ɗalibin da ya yi ƙarfin halin magana. Shi kuwa mai kai ƙara ya tafi da hujja, shafi da layi, ya bar zagi da habaici, domin sunan malami abu ne da a ke shekara 30 ana ginawa. Allah ya ba mu masana masu riƙon amana, da editoci masu kunnen sauraro, amin.